Littafi Mai Baƙin Bango

Mun daɗe muna da wani zama na mata duk ranar Asabar bayan La'asar, a gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa a unguwar Runjin Sambo, nan Sakkwato. Karatun littattafan labari ne ya haɗa mu. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, ina zaune Arkilla. In Asabar ta yi sai in tari keke in zagaya ta wajen Hubbare in ɗauki yayata, wadda ta koma gidanmu na gado tun bayan rasuwar mijinta, mu ƙarasa tare. Hajiya kan shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin dogonyaro, ta sa a dama fura, mu kuwa mu baje littafin da muka karanta mu yi ta gardama a kan mutanen cikinsa kamar maƙwabtanmu ne. Akwai ranar da Hajiya ta tsine wa wani direban tirela na cikin labari har sai da aka tuna mata cewa babu shi a duniya. Babu wadda ta ɗauki kanta masaniya. Muna karantawa, mu yi dariya, mu yi faɗa, a kira Magariba kowa ta kama gabanta.

Sai wata malamar jami'a ta shigo cikinmu. Abokiyar cinikin Hajiya ce, a shago suka saba, Hajiya ta gayyato ta. Dakta muke ce mata, ita ma ba ta taɓa cewa mu daina ba. Mace ce mai fara'a da kyauta, ba zan ɗauke mata wannan ba, amma ba ta iya cewa labari ya yi daɗi ta tsaya nan. Sai ta ce jigo ya rinjayi salo, ko tauraro bai samu cikakken gini ba. Da farko muna jin daɗin abin, don muna ƙaruwa. Daga baya na lura 'yan matasan cikinmu sun daina faɗin abin da suka ji a ransu sai sun fara duban fuskarta.

Wata Asabar ta zo da kwali a bayan motarta. Littafi ne mai baƙin bango, ba hoto, ba komai sai suna da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Ta ce wani tsohon ɗalibinta ne ya rubuta, ɗan garin nan, kuma da harshen garin nan ya rubuta shi. Ta ɗaga shi sama ta ce daga yau adabin Hausa ya rabu biyu, da na kafin wannan littafi da na bayansa. Muka ce madalla. Kowa ta ɗauki nata.

Da na koma gida na buɗe shafin farko, sai na tarar labari ya riga ya yi nisa, kamar wanda ya shigo majalisa ana tsakiyar hira. Babu babi. Babu sakin layi. Babu aya ko ɗaya, sai waƙafi jefi-jefi kamar tsakuwa a shinkafa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina zagaye wa yara wurin da suka manta aya da jan biro, ga shi an buga mantuwar an yi mata bango an ce in yaba. Abin da na iya tsinta shi ne, wani mutum ya fito daga gida da hantsi zai sayo kifi. Yana tafiya yana tunani. Ana cikin haka sai takalminsa ya karɓe labarin ya yi ta ƙorafin zafin kwalta. Takalmi bai gama ba wata akuya da ke kwance a gindin katanga ta sa baki. Daga nan sai a koma kan mutumin, amma yanzu yaro ne, can kuma ya tsufa, can kuma ya zama wani dabam. Ana magana ba a faɗin mai yin ta. Na kai tsakiya na tarar da shafuka farare fat a jere, babu ko ɗigo.

Washegari na tafi gidan Dakta, don ita ma a Arkilla take. Na ce, "Dakta, nawa littafin maɗaba'a ta tsallake shafuka, ko za ki canja mini?"

Ta yi dariya har da dafa ƙirji. Ta ce, "Haba Malama! Ai da gangan ne. Wannan shiru ne, kuma shirun ma magana ce."

Na ce, "Shiru kam ina da shi a ɗakina, ban san sai an buga mini shi a takarda ba."

Ta ce in ci gaba, zan gane. Na ci gaba, don ban taɓa barin littafi a rabi ba, ko da kuwa zai kashe ni. Na kai ƙarshe. Mutumin bai isa kasuwa ba, bai koma gida ba, jimlar ƙarshe ma ba ta ƙare ba, a tsakiyar kalma aka yanke ta. Na rufe na zauna ina kallon bangon. Ba zan yi ƙarya ba, akwai wurare da yaron ya nuna yana da kunne. Ya kama yadda 'yan kabu-kabu masu haya da babur ke zolayar juna a inuwa, ya kama muryar tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Wannan ne ma ya ƙara ba ni haushi. Da bai iya ba ne da na yi masa uzuri. Ya iya, ya zaɓi ya wahalar da mutane don a ce shi mai zurfi ne.

Ranar zama ta zo, tsakar gidan Hajiya ya cika fiye da kullum. Wadda ta fara magana ma'aikaciyar jinya ce, Bakanuwa da aure ya kawo ta Sakkwato tun tana yarinya. Mace ce mai faɗin gaskiya ba ta duba gefe ba. Ta ce, "Ni dai ban gane komai ba. Na dawo daga aiki a gajiye na ɗauka in huta, sai ya ƙara mini ciwon kai."

Wata matashiya daga cikin masu duban fuskar Dakta ta yi caraf ta ce, "Yo ina za ki gane, Anti? Da maganarmu anka rubuta shi. Kun saba duk littahi sai ya hito daga Kano kana shi zama littahi."

Ma'aikaciyar jinyar nan 'ya'yanta duka a garin nan aka yanke musu cibi, in suna magana ba mai cewa uwarsu baƙuwa ce. Rabin waɗanda ke zaune a tabarmar ita ta karɓi haihuwarsu ko ta ƙannensu. Ta dubi yarinyar ta ce, "Na gode." Daga wannan lokaci magana ta bar kan littafi ta koma kan gari. Duk wadda ta ce bai yi mata ba, sai a ce ba ta kishin Sakkwato. Na ce musu ni a unguwar Hubbare aka haife ni, kakata ba ta taɓa cewa "me" ba sai "mi", amma ko da harshen kakata aka rubuta shirme sunansa shirme. Aka ce ni ma boko irin na Kano ya cinye ni, tunda shi nake koyarwa.

Da a ce waɗanda suka ƙi littafin sun ƙi shi da hujja, da na ji sanyi. Ina! Hajiya mai gida ta miƙe zaune ta ce littafin cin mutuncin 'yan kasuwa ne. Na tambaye ta a ina. Ta ce an gaya mata a shago akwai inda aka ce mudun 'yan kasuwa gindinsa a lotse yake. Gaskiya ne akwai wurin, amma akuya ce ta faɗa, kuma a kan mai sayar da dusa take magana. Na ce, "Hajiya, kin kai wurin?" Ta ce ita ba ta da lokacin ɓatawa, ta karanta farkon ta ga take-takensa. Wata kuma ta ce ta ji a saƙon murya cewa akwai inda mamaci ke magana, kuma wannan bai dace da tarbiyya ba. Babu mamacin da ya yi magana a littafin nan. Da ma ya yi, wataƙila da ya fi takalmin ma'ana. Haka na tsinci kaina a sahu ɗaya da mutanen da ke zagin abin da ba su karanta ba, muna fuskantar mutanen da ke yabon abin da ba su gane ba.

Na so in tabbatar da zargina, sai na juya wajen 'yan yabo na ce, "To ku da kuka ji daɗinsa, ku gaya mini abu ɗaya. Ya sayi kifin ko bai saya ba?"

Suka dubi juna. Ɗaya ta ce ya saya amma a zuci. Ɗaya ta ce ai kifin ne ya saye shi. Matashiyar nan ta fara duba wayarta. Dakta ta cece su, ta ce irin wannan tambaya ita ce ke hana adabinmu ci gaba, don mai karatu na gaske ba ya tambayar me ya faru, sai dai yaya aka faɗa. Na ce to an faɗa ba aya. Aka yi dariya a ɓangarenmu, aka tsuke fuska a nasu. Yayata tana gefe tana jan carbi, littafinta a cinya. Dama ita ba mai yawan magana ba ce a zaman, na ɗauka ko buɗe shi ba ta yi ba.

Cikin makon nan zaurenmu na waya bai huta ba. Ana turo dogayen rubuce-rubuce, ana fita ana dawowa. Dakta ta ce maganin gardama a kawo mai littafi ya yi bayani da bakinsa. Hajiya ta nemi izinin maigidanta, ya ce ba laifi tunda yaro ne kuma ga iyaye. Aka sa Asabar mai zuwa.

Ya zo a makare. Dogo ne siriri, da baƙar riga har da baƙar hula, a cikin zafin nan na bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya durƙusa ya gaishe mu da ladabi, "Iyayena, ina wuninku," har na fara jin kunyar abin da na shirya faɗa masa. Aka ba shi kujera da fura. Da ya buɗe baki sai kunyar ta tafi. Ya ce shi bai rubuta littafin don a ji daɗi ba, ya rubuta ne don ya girgiza mai karatu. Ya ce aya shinge ce da Bature ya kafa wa tunanin Bahaushe. Ya ce ya san mutanen zamaninsa ba za su fahimce shi ba, jikokinmu yake rubuta wa. Yana faɗa 'yan yabo na gyaɗa kai, matashiyar nan tana ɗaukarsa a waya.

Na ce, "Ɗana, in jikokinmu ka rubuta wa, don me aka kawo mana? Da ka bari sun zo."

Ya yi murmushi irin na likitan da ya ga majinyaci mai taurin kai. Ya ce, "Inna, tambayarki ma nasara ce gare ni. Ga shi na girgiza ki."

Ka ji irin mutanen. In ka yabe su sun yi nasara, in ka kushe su sun yi nasara, babu ta inda za ka ɓullo musu. Hajiya ta taso masa da zancen mudu, ya ce ba shi ya faɗa ba, akuya ce. Ta ce akuyar wa? Ya ce ta labari. Ta ce wa ya sa mata magana a baki? Aka daɗe a kan akuyar nan, manyan mata da jikoki, har fura ta tsinke.

Ana cikin haka yayata ta yi gyaran murya. Ta ce, "Ni ina da magana, in an ba ni dama."

Kowa ya juya, don ba a saba ba. Ta ce, "Yaro, ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ban san abin da kuke ce ma salo ba. Amma na karance littahin ga, na koma na sake. Ran da na gama takaba, na hito zan tai kasuwa in sawo kayan miya. Shekara da shekaru maigidana ka yo cehwane, ban san ma inda aka samun komi ba. Na kama hanya. Wallahi tunani ya yi ta zuwa mani ba tsayawa, wanga bai ƙare ba wancan ya shigo, ina ganin shi yana saurayi, ina ganin shi bisa gadon asibiti, duk lokaci guda. Sai in farga in gan ni tsaye bakin wani shago ban san yadda na zo ba, ban san mi ya wuce tsakani ba. Da na kai ga farin shahin nan na littahinka sai na aje shi na yi kuka, don na san wurin. Ban kai kasuwa ba ran nan, kamar mutumenka. Ban taɓa gaya ma kowa ba, ko ƙanwata ga ta nan. Na ce ashe akwai wanda ya san wagga tahiya. Shi na so in ce maka, Allah shi yi maka albarka."

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ina zuwa wurinta duk mako, ban taɓa jin wannan labari ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ta share ido da gefen mayafi. Na dubi yaron. A raina na ce ga shi Allah ya ba ka abin da marubuta ke shekaru suna nema, mutum ɗaya da littafinka ya shiga ransa. Ka ce amin ka rufe bakinka.

Bai rufe ba. Ya gyara zama ya ce, "Amin Inna, na gode. Sai dai a gaskiya ba wannan nake nufi ba. Littafin ba a kan rashi yake ba. Mutumin nan Arewa ce gaba ɗaya, kifin kuma shi ne alkawarin da 'yan siyasa suka yi mana. Fararen shafukan tarihinmu ne da aka goge. Irin karatun da kika yi shi muke kira karatun zuci, mataki na farko ke nan. In kika sake karantawa da idon nazari za ki wuce nan."

Dakta ta gyaɗa kai, ko da yake na ga ta sunkuyar da ido daga baya. Yayata ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta mayar da littafinta cikin jaka, ta ci gaba da jan carbinta.

Ni kam ban iya haɗiyewa ba. Na ce, "Ɗana, tun da ka zauna kake cewa ba a fahimce ka ba. Ga wadda ta ba ka hawayenta, ka ce ta faɗi jarrabawa. Ba mai karatu kake nema ba, mai tafa maka kake nema, su kuwa ga su nan ka samu." Na nuna 'yan yabo. Dakta ta ce na ci zarafin baƙonta. Na ce baƙonta ya fara cin na yayata. Matashiyar nan ta ce dama an san tsofaffin malamai ba sa son sabon abu. Hajiya ta ce a gidanta ba a yi wa manya rashin kunya. Yaron ya miƙe ya ce zai je ya yi shirin Magariba, alhali rana ba ta ko yi ja ba. Haka taron ya watse, ba a ko zaɓi littafin gaba ba.

Ba mu sake haɗuwa gaba ɗaya ba. Dakta ta buɗe nata zaman a falonta a Arkilla, ta tafi da matasan. Na ji suna kiran kansu masu nazari, mu kuma masu karatun nishaɗi. Gidanta ba nisa da nawa, ina ganin takalmansu a ƙofa in na wuce, muna gaisawa da ita lafiya lau in mun haɗu a biki ko ta'aziyya. Mu muka ci gaba a gidan Hajiya, mun ragu, amma bakin kowa ya dawo. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauke ƙafa na wani lokaci saboda maganar da aka yaɓa mata, sai da ni da Hajiya muka je har gida muka ba ta haƙuri a kan laifin da ba mu muka yi ba. Littafin kuwa an ce yanzu ana koyar da shi, ɗalibai na haddace cewa kifi alkawari ne suna rubutawa suna cin jarrabawa. Ra'ayina bai canja ba ko kaɗan. Yaro ne mai baiwa da aka yi wa tafi tun bai gama koyon tafiya ba.

A hanyarmu ta komawa gida ranar da yaron ya zo, cikin keke, na ce wa yayata, "Yaya, ki yi haƙuri da abin da yaron can ya yi miki."

Ta ce, "Mi ya yi mani? Shi ya san abin da ya nuhwa, ni na san abin da na gani. Ai ba shi ya yi tahiyar ba."

Na ce, "Amma don me ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ke da kin ji sai ki ce in je asibiti."

Gaskiyarta, da haka zan ce.

Bayan wasu watanni na je gaishe ta na tarar tana dariya ita kaɗai a ƙofar ɗaki. Ashe wata maƙwabciyarta ce mijinta ya rasu, da ta fita takaba yayata ta ba ta aron littafin, tana ganin ko zai yi wa matar abin da ya yi mata ita. Matar ta kwana biyu da shi ta aiko da shi, ta ce a gaya wa Yaya ta gode, amma ita da baƙin cikinta ya ishe ta, ba sai an ƙara mata da surutun takalmi ba.

Na ce, "Kin gani ko? Ba ni kaɗai ba ce."

Ta ce, "Na gani. Ku biyu ku je ku buɗe naku zaman." Ta tashi ta ɗora mana ruwan shayi.